Igiyar da ba a ɗaure ba, yaya aka yi take jan jirgi?

Direban_Tirela_Apapa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga mutanen ruwa da ke cikinmu ce. Makon jiya ina jiran a ɗora mini kwantena, sai ga wani matsakaicin jirgi zai jingina. Ba abin yi, na haye saman mota ina kallo. Wani siririn mutum na gani a bayan jirgin, irin wanda iska mai ƙarfi za ta iya tafiya da shi. Ya ɗauki igiya mai kaurin damtsena, ya naɗa ta sau uku ko huɗu a jikin wata gangar ƙarfe mai juyawa. Bai ƙulla ba, bai ɗaure ba, ja da baya kawai ya yi ya riƙe jelar. Ganga na juyawa, igiya na shigowa, yana karɓa kamar mai jan guga, wani a bayansa yana tarawa a ƙasa. Can igiyar ta miƙe ta yi tsam har ruwa na tsiyaya daga jikinta, shi kuwa ko gumi. Da ya ɗan sassauta hannu sai gangar ta ci gaba da juyawa a cikin naɗin, ba ta jan komai. Mu a mota in ba ka ɗaure kaya ba ka san sauran. To wai me ke riƙe igiyar nan?

Sarkin_Musu:
Wa alaikumus salam. Oga direba, layar tana cikin aljihunsa, ba ka duba da kyau ba ne.

Bosin_Tema:
Wa alaikumus salam ɗana. Babu laya. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina wannan aikin kafin gwiwa ta ce in zauna. Abin da ka gani in a tsaye yake kamar turmi, kafstan muke ce masa. In kuma a kwance yake, maƙale a gefen babban wincin jirgi, wato injin jan igiya, kan winci ne. Aikinsu ɗaya. Injin shi ke ja, mutumin ba ya jan jirgi. Aikinsa kawai ya sa igiya ta ciji ganga. Ya ɗan ja jela, naɗin ya matse, ganga ta kama igiya ta taho da ita. Ya sassauta, naɗin ya saki, ganga ta yi ta juyawa a banza. Kai direba ne, to ka ɗauka hannunsa kuloci ne.

Direban_Tirela_Apapa:
Baba, maganar kuloci ta shige ni. Amma kuloci ai sifirin ne masu ƙarfi ke matse shi. Nan hannun mutum ɗaya ne fa, ga nauyin jirgi a ɗaya gefen.

ɗan_fawa_Mararraba:
Oga direba ba ka taɓa zuwa kara ba ke nan. Bijimin da ƙarti biyar ba za su tsayar ba, yaro ɗan shekara goma sha biyu zai riƙe shi in ya sami turke ko gindin bishiya ya zagaya igiyar sau biyu. Sa ya yi ta fizga, yaro na tsaye da jela yana cin gyaɗa. Tun ina ƙarami nake ganin haka, ban taɓa tambayar dalili ba. Ashe masu jirgi ma dabararmu suka ara.

Malam_Fiziks:
Ɗan fawa ya ba da amsar gaba ɗaya, saura lissafi. Abin da ke aiki gogayya ce tsakanin igiya da ƙarfe. Inda mutane ke ruɗewa shi ne suna zaton kowane zagaye ƙari yake yi, wato in ɗaya ya riƙe kilo 50, biyu za su riƙe 100. A'a, ninkawa yake yi.

Dalili kuwa, a inda igiya ta fara taɓa ganga ta ɓangaren kaya, a tamke take sosai, don haka tana danna ƙarfen da ƙarfi, gogayya ta cinye wani kaso na jan. Abin da ya rage ya wuce gaba, can ma a cinye irin wannan kason daga ragowar. Haka har a zo hannun mutum, sai ka tarar ɗan kaɗan ne ya iso.

Mu ɗauka ma'aunin gogayyar 0.3 ne, don misali. Zagaye ɗaya zai ninka ƙarfin hannu sau 6.6. In mutumin ya riƙe jela da ƙarfin kilo 10, zagaye ɗaya zai tare kilo 66, biyu kusan 430, uku kusan 2,860, huɗu sun haura 18,000. Kilo goma fa, abin da bai kai rabin jarkar ruwa ba.

Ga masu son ƙa'idar: nauyin kaya = ƙarfin hannu × e^μθ, inda e wata tsayayyar lamba ce ta lissafi (kusan 2.718), μ shi ne ma'aunin gogayya, θ kuma yawan kwanar da igiya ta zagaya. Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan, ya fitar da ita a ƙarni na 18, wani injiniyan Jamus Eytelwein ya sa ta a littafinsa a 1808, shi ya sa ake haɗa sunayensu a kanta.

Sarkin_Musu:
Malam, ban yarda ba. In haka ne sai in naɗa sau goma in riƙe Dutsen Zuma da ɗan yatsa. Kuma ai ku kuka koya mana a makaranta cewa ba a samun ƙarfi daga babu.

Malam_Fiziks:
Riƙewa daban, ja daban. Naɗin ba ya ƙara maka ƙarfin ja ko na sisi. Ka naɗa igiya a turke ka ce za ka jawo sa, sai ka ga abin ya juye maka, gogayyar da ta taimake ka riƙewa ita za ta hana ka ja. A jirgi injin ne ke juya ganga, shi ke biyan kuɗin aikin. Batun Zuma kuma, tun kafin a je nan igiyar ta tsinke ko turken ya tuge.

MaiRijiya_Damagaram:
Gaskiyar Malam. Mu in za mu saukar da mutum cikin rijiya mai gaba talatin, ba ma riƙe igiya haka tsirara. Muna gitta itace mai kauri a baki, mu zagaya sau biyu, mutum ɗaya ya dinga saki sannu sannu. Amma in za a fito da shi sai an warware naɗin, a taru a ja, ko a sa jaki ko raƙumi. Wanda ya bar naɗin ya ce zai ja, zai kwana a nan.

Kadet_Ruwa:
Abin da aka koya mana: zagaye uku zuwa huɗu a kan winci in igiyar roba ce, kada a wuce. Ka tsaya aƙalla mita ɗaya daga ganga, wani daban ya riƙa tara igiya a bayanka, kuma kada ƙafarka ta shiga cikin lanƙwasar igiya ko da wasa. Amma da na ga lissafin Malam sai na ce, tunda ƙarin zagaye ƙarin riƙo ne, me ya sa za a hana mu biyar ko shida? Ai sai hannu ya huta.

Bosin_Tema:
Yaro, a nan ake gane wanda ya yi aiki da wanda ya karanta. Santsin nan da kake so ka kashe shi ne ranka. Jirgi ba ya tsayawa cik, igiyar ruwa na ɗaga shi tana sauke shi, wani jirgi ya wuce ya jawo shi waje. Lokacin da nauyi ya yi wa igiya yawa, so kake ka ɗan saki ta zame, ta ba da taku ɗaya ko biyu, sannan ka sake kamawa. In ka yi naɗi shida, ko ka saki jelar gaba ɗaya ba za ta zame ba. Ta ciji ganga ke nan, injin na ja, jirgi na ja, kai kuma ba ka da ta cewa. Sai dai mai riƙe da liba ya yi saurin tsayarwa, in bai gani ba ta tsinke.

Na biyu, ganga tana da iyaka. In naɗi ya yi yawa sai wani ya hau kan wani. Wannan hawan shi muka fi tsoro, don igiyar da ke ɗauke da nauyi ta danne sauran, ba gaba ba baya. Na taɓa ganin an yi kusan rabin awa ana fama da shi, matuƙin tasha na ta faɗa a rediyo, ƙarshe sai da aka kama igiyar da wata igiya daban aka ɗauke mata nauyi kafin ta warwaru.

Kadet_Ruwa:
Na gode Baba. Ba a yi mana bayanin dalilin haka ba, cewa kawai aka yi kada a wuce huɗu.

Injiniya_Onne:
In ƙara a kan maganar Baba. Ku lura gangar ba miƙaƙƙiya ba ce, tana da ƙugu kamar kalangu, tsakiya a tsuke, baki biyu a buɗe. Igiyar da ke shiga ta gefe ɗaya tana fita ta ɗaya gefen tafiya take yi a jikin ganga kamar zaren noti. In gangar miƙaƙƙiya ce, naɗin zai yi ta matsawa har ya kai ƙarshe ya cushe. Ƙugun ne ke sa yana gangarowa tsakiya da kansa. Wannan ɗan ƙas ƙas da ake ji igiya na yi lokacin ja, gangarowar ce.

Sarkin_Musu:
To ga wata. Na tabbata babbar ganga ta fi ƙarama riƙo, tunda igiya ta fi samun wurin kwanciya. Malam, ƙa'idarka ba ta ambaci girman ganga ba, ke nan da gyara.

Malam_Fiziks:
Ba mantuwa ba ce. A babbar ganga igiya ta fi tsawon taɓawa, gaskiya, amma lanƙwasarta ba ta da tsanani, don haka kowane taƙi nata ba ya danna ƙarfe sosai. A ƙarama taɓawar gajera ce, dannawar mai ƙarfi. Biyun suna cinye juna daidai wa daida. Zagaye uku a jikin turmi da zagaye uku a jikin taɓarya riƙonsu ɗaya, muddin itacen iri ɗaya ne kuma igiyar mai laushi ce.

Injiniya_Onne:
A takarda haka ne Malam, kuma ban musa ba. Amma sharaɗin da ka sa a ƙarshe shi ne inda gizo ke saƙar. Igiyar jirgi mai kaurin damtse ba ta da laushin zare. Ka tilasta mata ƙaramar ganga, ba za ta kwanta sosai ba, kuma zaren waje na shan ja fiye da na ciki, tana lalacewa da wuri. Waya ta fi muni. Sannan ta wajen injin, girman ganga na da tasiri: ƙarama ta fi ƙarfin ja amma a hankali, babba ta fi sauri amma ƙarfin ya ragu. Saboda haka Sarkin Musu bai yi daidai ba a dalilinsa, amma girman ba abin wasa ba ne.

Sarkin_Musu:
A rubuta cewa injiniya ya ce ina da rabin gaskiya.

Injiniya_Onne:
Ban ce ba.

Maman_Ilham:
Ni kalmar gogayya ce ta tsaya mini. A wurinmu in an ce gogayya, kishiyoyi ne ko 'yan kasuwa ke zuwa rai. Kuma a nan ai ba a son su gogu, so ake su kama juna. Cizon da Baba ya faɗa ya fi mini.

Malam_Fiziks:
Hajiya, haka muke fassarawa a aji, amma kin taɓo wani abu. Iri biyu ce. Akwai ta lokacin da abu biyu suka kama juna ba motsi, akwai ta lokacin da ɗaya ya fara zamewa a kan ɗaya. Ta farkon ta fi ƙarfi. Shi ya sa igiya in ta fara zamewa ba ta yi a hankali, sai ta yi fizga, ta kama, ta sake fizga. In kuna so mu ce cizo da gogayya, ni ba ni da ja.

Bosin_Tema:
Wannan fizgar ita ke cin igiyar roba. Zamanin da na fara aiki akwai sauran igiyar manila, ta zaren itace, tana zamewa lafiya lau. Da aka koma folifurofilin, wannan mara nauyi mai yawo a kan ruwa, sai muka ga sabon abu. In ka bar ganga na juyawa a cikinta da nauyi, zafi ya taso, fatar igiyar ta narke ta manne da ƙarfe, sannan ta ɓalle gaba ɗaya ta yi tsalle. In ka duba wurin daga baya sai ka ga ya yi ƙyalli ya ƙandare kamar ledar da ta taɓa wuta. Wurin ya mutu ke nan, ko da ido bai ga tsinkewa ba.

Injiniya_Onne:
Folifurofilin na narkewa a wajen digiri 165. Sababbin nan masu ƙarfin waya, irin su Dyneema, tun kusan 150 suke narkewa, ga su da santsi kamar kuɓewa. Ku koma lissafin Malam: in ma'aunin ya faɗo daga 0.3 zuwa 0.1, zagaye uku ba za su riƙe fiye da abin da zagaye ɗaya ke riƙewa a da ba. Kilo 2,860 ya koma 66. Shi ya sa dokar uku zuwa huɗu da Kadet ya kawo ba aya ba ce. Ya danganta da igiyar, da ko ta jiƙe, da ko wani ya zubar da giris, da ko an yi wa gangar fenti. Na sha faɗa da masu fenti a kan haka. Sun ga tsatsa, su shafe wurin da igiya ke kwanciya don ya yi kyau a idon mai duba jirgi, ranar aiki fenti ya yi zafi ya zama man shafawa.

Kadet_Ruwa:
Oga, to in littafi ya ce huɗu, igiya kuma ta ƙi kamawa, wanne zan bi?

Bosin_Tema:
Ka bi bosin ɗinka, wato shugaban masu aikin igiya a jirgi. In ta ƙi kamawa a huɗu, ka ce a tsayar da winci, ka ƙara ɗaya, a ci gaba. Kada ka ƙara naɗi ganga na juyawa da nauyi a kai. Akwai wani abokin aikina, ɗan Saliyo, mutumin kirki, yatsu uku ya bari a haka. Safar hannunsa ce ta shiga ƙarƙashin igiya, kafin a tsayar an gama.

Maman_Ilham:
Innalillahi. Allah ya kiyaye na gaba.

Bakanuwa_a_Ingila:
Sannunku. Na daɗe ina karatu ban sa baki ba. Ni ba ma'aikaciyar jirgi ba ce, amma na koyi tuƙa ƙananan jirage masu tafiya da iska a nan kudancin Ingila, kuma winci irin wannan ne a kansu, sai dai ƙarami kamar gwangwanin madara babba, da hannu ake juya shi. Igiyar da ke riƙe ƙyallen iska ake naɗawa, kullum ta hannun dama yadda agogo ke tafiya, don gangar gefe ɗaya kawai take juyawa. A cikinta akwai wasu 'yan harsunan ƙarfe masu sifirin, irin na firwil ɗin keke, su ke hana ta komawa baya, su ne ke ƙara ƙyat ƙyat ƙyat.

Za ka ga lamba a samansa, misali 40. Ma'anarta ƙarfin hannunka zai ninku sau 40. In hannun juyawar inci 10 ne, faɗin ganga inci 3, giyar ciki kuma 6 ce, sai ka raba 10 da 1.5, wato rabin faɗin gangar, ka ninka da 6. Wannan ninkin na ja ne, daga giya da tsawon hannu yake zuwa, ba ruwansa da ninkin Malam na riƙo. Abu biyu ne a cikin gwangwani ɗaya.

Mai koya mana ta fi matsa mana a kan riƙon jela: ɗan ƙaramin yatsa ya fuskanci winci, babban yatsa ya kalli jikinka, don in ta fizge ta fice daga hannu ba tare da ta tafi da shi ba. In za a sassauta kuma, tafin hannu ɗaya a kan naɗin, ɗaya na saki kaɗan kaɗan.

Sarkin_Musu:
Hajiya, su Turawan nan da son jiki ba su ƙirƙiro abin da zai riƙe musu jelar ba?

Bakanuwa_a_Ingila:
Sun yi mana. Yawancin na yanzu, na Lewmar ko Harken ko Andersen, suna da wani baki mai haƙora a sama da ke kama jelar da kansa, da ɗan ƙarfe mai zare ta yana fitarwa. Mutum ɗaya sai ya yi aikin biyu. Amma in iska ta taso da ƙarfi cire ta muke yi daga bakin mu riƙe a hannu, saboda dalilin da Baba ya faɗa, ka iya saki nan take.

Wani abu kuma, tunda an ambaci da. Na je Portsmouth na shiga HMS Victory, jirgin yaƙin da Nelson, kwamandan sojan ruwan Birtaniya, ya mutu a kansa a 1805. Kafstan ɗinsa na katako ne, ana zura masa dogayen sanduna, mutane da yawa su sa ƙirji su yi ta zagayawa. Igiyar ankarsa, wato ƙugiyar ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa don tsayar da jirgi, kewayenta inci 24, ta yi kaurin da ba za ta naɗu a ganga ba. Sai suka yi dabara: wata igiya mai dama dama da aka haɗa bakinta biyu ta zama zobe, ita ake naɗawa a kafstan, sannan a riƙa ɗaure babbar a jikinta da gajerun igiyoyi, ana tafiya ana kwancewa ana sake ɗaurawa a gaba. Maganar Injiniya ke nan ta kauri da girman ganga, tun wancan zamanin.

Direban_Tirela_Apapa:
Yanzu sarƙar anka ma haka ake naɗa ta? Don na ga ita ma tana bi ta kan wani abu mai juyawa a gaban jirgi.

Bosin_Tema:
A'a, wannan daban. Ƙafar da sarƙa ke bi tana da ramuka daidai girman kowane zobe, zoben ya faɗa ciki ya zauna, kamar cen da sifaket na babur. Ba cizo ba ne, saƙo ne. Inda cizo yake a wurin anka shi ne birki, wani ɗamara mai leda da ke matse ganga in ana sakin sarƙa.

Injiniya_Onne:
Kuma kada a ɗauka duk igiyoyin jirgi haka ake jan su. Manyan jirage yanzu yawancin igiyoyinsu a naɗe suke dindindin a kan gangar ajiya, bakin a ɗaure, a ja a danne birki, shi ke nan. Ta fi aminci don ba mai riƙe jela. Aibinta, igiya na taruwa ganga na ƙara kauri, ƙarfin ja na raguwa, kuma tsawon da za ta ɗauka na da iyaka. Mai cizo ba ruwanta, ko igiyar ta kai daga nan zuwa Zariya za ta shige ta fita, ƙarfin bai canza ba. Shi ya sa jiragen binciken teku masu sauke na'ura kilomitoci ƙasa suke amfani da ganga biyu masu kwari kwari, waya ta zagaya su sau da yawa, sannan ta wuce wurin ajiya ba nauyi a kanta. Lif ɗin bene ma haka yake, wayoyin ba a ɗaure suke da injin ba, ratayawa kawai suka yi a kan ƙafarsa, ɗaki a gefe ɗaya, ƙarfen nauyi a ɗaya gefen.

Maman_Ilham:
Injiniya ka cuce ni. Gobe ina da zuwa hawa na bakwai, yanzu sai matakala.

ɗan_fawa_Mararraba:
Hajiya ai bel ɗin injin markaɗenki ma ba a ɗaure yake ba, kuma bai taɓa hana ki tuwo ba.

Ɗan_Yauri:
Ku kuna maganar manyan jirage. Mu nan kan Kwara ba winci ba injin, amma in kwalekwale mai kaya ya taho da ruwa mai ƙarfi, ba mai tsayar da shi da hannu. Yaro ya yi tsalle da igiya, ya zagaya kututture sau ɗaya, ya bar ta tana zamewa tana rage gudu, sannan ya ƙara na biyu ya tsaya. Wanda ya ɗaure tashi ɗaya, ko igiya ta tsinke ko ƙaramin jirgi ya juya gindi. Abin da Baba Bosin ya ce ne, sai ka ba ta kaɗan kafin ta ba ka.

Kadet_Ruwa:
Baba, tambaya ta ƙarshe. Bayan an gama ja, me ya sa ba za a bar ta a kan wincin ba a ƙulle jelar? Cire ta zuwa turke shi ne wurin da na fi jin tsoro.

Bosin_Tema:
Kana da gaskiyar jin tsoro, nan ne wurin. Amma kan winci ba a yi shi don ya kwana da nauyin jirgi ba, kuma ana bukatarsa don igiya ta gaba. Sai a kama ta da 'yar gajeriyar igiya da ke ɗaure a gindin turke, a sassauta winci a hankali har nauyi ya koma kan gajeriyar, a yi maza a kwashe naɗin a kai turakun ƙarfe biyun nan da ke kafe a jirgi, a zagaya, sannan a yi ta gitta ta kamar lamba 8. Ka lura, gittawar nan ma ba ƙulli ba ne. Cizo ne dai, aka tara shi da yawa. Malalata na barin ta a kan winci, na gani ba sau ɗaya ba, kuma na yi faɗa.

Injiniya_Onne:
Kuma duk lokacin nan ka san inda ka tsaya. Igiyar nailan tana talewa sosai kafin ta tsinke, in ta tsinke dawowa take kamar roba, ba a ganin zuwanta. Har waɗanda ba sa talewa ba a shaidarsu. A watan Maris na 2015 jirgin dakon gas mai suna Zarga yana jingina a tashar Milford Haven ta Birtaniya, igiyarsa ta irin sababbin nan ta tsinke ta sami jami'in da ke kula da aikin a ka, ya ji mummunan rauni. An haɗa mata guntun igiya mai talewa a baki, shi ya tara ƙarfin. Da ana zana wuraren haɗari da fenti a dek, wato filin aiki na saman jirgi, yanzu shawarar da ake bayarwa ita ce a ɗauki filin gaba ɗaya a matsayin wurin haɗari.

Sarkin_Musu:
Duk na ji. Amma har yanzu Malam da Baba ba su daidaita ba. Malam ya ce huɗu na riƙe tan 18, Baba ya ce wani lokaci huɗu ba ta kamawa. Wa za mu bi?

Malam_Fiziks:
Na ce mu ɗauka 0.3 ne. Ƙa'idar ba ta san ko an zubar da giris ba, sai an gaya mata.

Bosin_Tema:
Ni ban taɓa auna wannan lambar ba, Malam. Da tafin hannu nake jin ta, in jela ta fara rawa na san saura kaɗan. Amma zagaye nawa, ko a jirgi ɗaya bosin biyu ba sa yarda da juna.

Direban_Tirela_Apapa:
Na gode muku ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Ɗazu na gwada a gareji, na zagaya igiyar tamfol sau uku a jikin ƙarfen bodi, na ba yarana biyu ɗaya bakin, na riƙe jela da yatsu biyu. Sun yi ta ja har ɗaya ya zame ya zauna. Amma da na mayar zagaye biyu sai suka fara jan ta kaɗan kaɗan, alhali a lissafin Malam biyu ma ya kamata ta fi ƙarfinsu nesa. Ko don ƙarfen mai kusurwa huɗu ne ba mulmulalle ba?

Malam_Fiziks:
Igiyar ta roba ce ko ta rama? Kuma ƙarfen da fenti ko babu? Turo hoto in gani.

Direban_Tirela_Apapa:
Ta roba ce, shuɗiyar nan. Hoto sai anjima, an kira lambata a get.